Wai buɗe wa kaya guda ɗaya nasa ɗan shafi daban, yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce?

Hajiyar Sola: Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema kafin na saki kuɗi. Muna da shafin intanet na kamfaninmu shekara huɗu kenan, komai namu na ciki, farantan sola ne, batura ne, inbata, fitilu, tarihin kamfani, hotunan ma'aikata, har da wajen neman aiki. To yanzu mun shigo da sabon kaya, wani ɗan akwatin wuta ne mai batir a ciki da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya ya caja waya da laftof ya kunna fanka, kuma muna so mu yi masa talla mai ƙarfi na wata uku. Yaron da yake kula mana da shafi yace kar mu tura mutane babban shafi, a buɗe wa akwatin nasa ɗan ƙaramin shafi shi kaɗai da adireshinsa daban, wai maikurosayit ake ce masa. Ni abinda ya tsaya min a rai shine, shafi dai muna da shi, me zai sa a sake gina wani? Ba zarginsa nake ba, yaron kirki ne, amma inaso naji daga bakin waɗanda suka taɓa yi.

Ɗan Kod: Wa alaikumussalam Hajiya. Yaronki bai faɗi ƙarya ba. Kafin nayi dogon bayani dan Allah kiyi min abu ɗaya, ki ɗauki wayarki ki buɗe babban shafin naku kamar ke baƙuwa ce da kika ga tallan akwatin yanzu yanzu, ki ƙirga sau nawa zaki danna kafin ki isa inda zaki ce ina so a kawo min. Ki dawo ki faɗa mana.

Hajiyar Sola: Toh nayi. Da farko wani hoto ya rufe min fuska wai in yi rajistar samun saƙonni, na rufe shi. Na danna layuka ukun nan na sama, abubuwa goma sha ɗaya suka zubo, na shiga kayayyaki, na shiga batura ban ganshi ba, ashe yana ƙarƙashin sababbin kaya, na koma na shiga, sannan na danna hotonsa. Shida kenan in an haɗa da ɓatan da nayi. Kuma ni ce mai kamfanin fa.

Ɗan Kod: To kin ga amsar da kanki Hajiya. Ke da kika san gidan kin ɓata, ina ga wanda yake cikin kallon bidiyo tallanki ya gifta masa ya danna da rabin hankali. Shi ƙaramin shafin nan ba wani abu bane illa shafi ɗaya zuwa huɗu ko biyar da aka yi don magana guda ɗaya tak. Mutum na shigowa akwatin zai gani, ya ga me yake iya ɗauka da awa nawa yake yi, ya ga bidiyon wani yana amfani dashi, ya ga amsar tambayoyin da kowa yake yi, sai maballi ɗaya na yin oda. Babu wajen neman aiki, babu tarihin kamfani, babu ƙofar da zai bi ya sulale. Babban shafi dole ya yi wa kowa hidima, mai saye da dila da mai neman aiki da ɗan jarida, shi yasa yake cika da ƙofofi, kuma hakan daidai ne a wajensa. Wannan kuwa mutum ɗaya yake jira.

Malam Bincike: Ni ina da ja. Duk abinda Ɗan Kod ya lissafa za a iya yinsa a cikin babban shafin ba tare da an sayi sabon adireshi ba, a buɗe sunankamfani.com/akwati a cire masa jerin nan na sama, shikenan. Aikina kenan kullum, taimaka wa shafuka su fito a binciken Google, kuma nasha ganin yadda ake asara a nan. Shafin Hajiya ya shekara huɗu, Google ya sanshi, wasu shafukan sun saka mahaɗinsa, ya tara ɗan mutunci. Sabon domen kuwa, wato sabon adireshin da aka saya, daga sifili yake farawa, babu wanda ya sanshi, kafin ya fara fitowa a bincike wata ukun ma sun wuce. Sannan duk wanda ya yi rubutu akan akwatin ya saka mahaɗi, ƙaramin shafin zai amfana, babban da zai zauna daku shekara da shekaru bai samu komai ba. An raba ƙarfi gida biyu kenan.

Ɗalibi Mai Koyo: Afuwan malamai ni sabo ne a harkar, menene bambancin wannan da shafin sauka da ake cewa? Naga kamar duk ɗaya ne

Yar Zane: Ƙanena suna kama amma ba ɗaya bane. Shafin sauka fuska ɗaya ce, ka danna talla ka faɗo kansa, ka cike fom ko ka tafi, yawanci ma a cikin babban shafi yake zaune. Ƙaramin shafi kuma yana iya samun ɗakuna biyu uku, yana da nasa kamannin da nasa adireshin, kuma sau da yawa akwai abin da mutum zai taɓa ya yi wasa dashi. Misali a na Anti Hajiya ni da zan zana, zan saka ɗan ma'auni, mutum ya zaɓi waya biyu, fanka ɗaya, kwan fitila uku, shafin ya nuna masa awa nawa akwatin zai riƙe su. Irin wannan ne mutum yake tura wa ɗan uwansa yace gwada ka gani.

Tsohon Ɗan Talla: Bari na saka baki tunda na daɗe ina kallon abin nan. Waɗanda aka fi tunawa dasu a tarihin talla duk akwai abu ɗaya da ya haɗa su. A watan Janairun 2009 hukumar yawon buɗe ido ta jihar Queensland a Ostareliya ta fitar da sanarwar neman ma'aikaci wanda zai zauna wata shida a tsibirin Hamilton yana kula da wajen yana ba duniya labari, suka kira shi aikin da yafi kowane daɗi a duniya. Basu tura mutane shafin hukuma ba, suka buɗe islandreefjob.com, duk mai so ya ɗora bidiyon minti ɗaya. Sama da mutum 34,000 suka nema, wani ɗan Ingila Ben Southall ya samu, kuma jaridu da gidajen talabijin na duniya suka yi musu tallan da kuɗinsu bazai iya saya ba. Kafin su a 2006 kamfanin Blendtec masu injin markaɗe suka buɗe willitblend.com, mai kamfanin Tom Dickson ya saka farar riga yana jefa abubuwa cikin injin, duwatsun wasa na gilas, ƙwallon golf, a 2007 har iPhone ya markaɗe ta koma gari. Abinda nake so ku lura, ba shafin ne ya jawo mutane ba, dabarar ce. Shafin ya ba dabarar ɗaki nata ne inda babu abinda zai raba mata hankalin mai kallo. In babu dabara, to Malam Bincike ya fi gaskiya, an gina ɗaki ne babu mai kwana.

Malam Bincike: Yallaɓai na yarda da misalan amma waɗannan ai na shekarun baya ne, lokacin da mutane suke rubuta adireshi da hannu su shiga. Ko Spotify ma, masu manhajar sauraron waƙoƙi, da farko abin nan nasu na ƙarshen shekara da yake nuna wa mutum abinda ya fi saurare a wani shafi daban ake shiga a gani, a 2019 suka mayar dashi cikin manhajarsu. Me yasa? Saboda can mutanen suke.

Tsohon Ɗan Talla: Gaskiya ne, kuma ban musa ba. Amma ka lura sai da suka gwada shi a waje na wasu shekaru suka ga ya karɓu sannan suka shigo dashi gida. Wannan shima amfani ne da ba a cika faɗa ba, wajen gwaji. Babban shafi taɓa shi akwai tsoro, ka gyara nan can ya lalace, a manyan kamfanoni ma sai takarda ta zaga ofis uku kafin a canza hoto ɗaya. Ƙarami kuwa cikin sati ɗaya an gina, in bai yi ba a rufe babu wanda ya ji ciwo.

Mai Oda Ta Waya: ni fa duk wannan dogon turancin banga amfaninsa ba wlh, ni a Instagram da WhatsApp nake cinikina shekara biyar kuma alhamdulillah, mutum ya ga hoto ya min magana mu gama, meye na wani shafi kuma da sai an biya ana sabuntawa duk shekara

Yar Zane: Yaya ba wanda yace ka bar su, can ne kasuwar take. Amma ka tuna ranar 4 ga Oktoban 2021? Facebook da Instagram da WhatsApp duk suka ɗauke lokaci ɗaya kusan awa shida, duk wanda cinikinsa ke can kaɗai ya zauna yana kallon waya. Wannan ma na kowa ne ya wuce, wanda yafi ciwo shine a wayi gari an rufe maka akawun kai kaɗai kuma babu wanda zaka kama. Sannan ka duba yawan lokacin da kake kashewa kana amsa tambaya ɗaya sau hamsin a rana, awa nawa yake yi, yana ɗaukar firji, akwai garanti. Da akwai ɗan shafi ka tura mahaɗi ɗaya, wanda ya dawo maka bayan ya karanta to da gaske yake. Kuma maballin odar ma ana iya yinsa ya buɗe WhatsApp ɗinka kai tsaye da saƙo a rubuce, kaga ba kishiyoyi bane.

Mai Oda Ta Waya: toh wannan na tambaya ɗaya sau hamsin kam kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, har kwafa nake ina ajiyewa ina mannawa

Ɗan Kod: Malam Bincike bari na dawo kanka. Kana auna abin da ma'aunin binciken Google ne kaɗai, alhali Hajiya ta faɗa tun farko talla zata yi na wata uku. Mutanen da zasu zo ba daga bincike zasu zo ba, daga tallan da ta biya ne, da takardun da zata raba, da kwalin kayan, da rediyo in zata yi. Mai jin rediyo yana tuƙi kana so ya haddace sunankamfani.com sanda a karkace kayayyaki sanda a karkace sababbi? Ai kalma ɗaya gajera yake buƙata. Kuma babban abinda yasa nake son ƙaramin shafi shine lissafi. Duk wanda ya shigo ka san don akwatin ya zo, lissafinsa bai cakuɗe da masu neman aiki ba. A manna wa kowane mahaɗi alamar UTM, wato ɗan rubutun da ake ƙarawa a ƙarshen mahaɗi don a san daga ina mutum ya taho, na Facebook daban, na TikTok daban, lambar QR ta jikin takarda daban, ta jikin kwali daban, bayan sati biyu Hajiya ta buɗe Google Analytics, wato ma'aunin da yake ƙirga masu shiga shafi, ta ga wace hanya ce take kawo masu saye wace ce take kawo yan kallo, ta kwashe kuɗin daga wannan ta zuba a waccan tun kafin su ƙare.

Malam Bincike: UTM ai yana aiki a babban shafi ma ƙanena, kar mu ruɗa Hajiya. Kuma tunda ka kawo lissafi bari na faɗa maka inda yake karyewa. In mutum ya karanta a ƙaramin shafi amma wajen biyan kuɗi yana babban shafi, da ya tsallaka daga wannan domen zuwa wancan Analytics zai ɗauke shi sabon baƙo ne sai dai in an shiga saiti an haɗa domen biyun, kuma mafi yawan masu gina shafi basa yi. Sai a ƙarshe rahoto ya nuna wai duk cinikin daga ƙaramin shafi ya fito, a rasa wane talla ne ya kawo mutumin tun asali. Na gyara irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Ɗan Kod: Wannan kuskuren mai gini ne ba laifin shafin ba Malam. Minti biyar ne saitin.

Malam Bincike: Minti biyar ga wanda ya san yana nan. Kuma akwai abinda yafi wannan, masu jin ƙaramin shafi yana da amfani sai su buɗe goma, kowanne da sunan abinda ake nema a bincike, su kwafe rubutu ɗaya su zuba a duka, duk suna tura mutum waje ɗaya. Tun Satumban 2012 Google ya rage wa irin waɗannan adireshin ƙarfi in abin cikinsu ba mai inganci bane, kuma a dokokinsu shafukan da aka yi don kawai su zama ƙofar tura mutane wani waje suna cikin abinda suke ɗauka shara. Mutum ya zo neman ƙiba ya samo rama.

Admin: Malamai a ci gaba amma a sassauta, duk ilimi muke ɗauka. Ni a fahimtata ma ba saɓani kuke ba sosai, kowa da irin baƙon da yake magana akai. Hajiya kina biye?

Hajiyar Sola: Ina biye Admin, har rubutawa nake a takarda. Tambayata ɗaya, shin dole sai ɗaya daga cikin biyun? Babu tsakiya?

Yar Zane: Akwai Anti. Ana iya yin reshe a jikin adireshinku, kamar akwati.sunankamfani.com. Ba sai an sayi sabon domen ba, sunan kamfani yana nan a jiki mutum ya gani ya natsu, amma ginin daban ne, zan iya zana shi yadda nake so ba tare da na taɓa babban shafi ba. Kuma maganar natsuwar nan kar a raina ta. Mutane sun sha cuta a intanet, in suka ga baƙon adireshi babu tambarin kamfani babu lambar waya babu inda za a same ku, kuma ana ce musu su biya kuɗi, wallahi guduwa zasuyi komai kyan zanen. Ko wane iri aka zaɓa a saka tambari a sama, a saka mahaɗi ɗaya ƙarami a ƙasa mai kaiwa babban shafi don mai son ya bincika ku, kuma a tabbatar adireshin da https yake farawa, don tun Yulin 2018 Chrome yake rubuta wa shafin da bashi da shi cewa ba amintacce bane, ga ƙungiyar Let's Encrypt nan suna bada takardar tsaron da ake samun https da ita kyauta babu uzuri. Abu na biyu nauyi. Amfanin ƙaramin shafi ai sauƙinsa ne, amma sai kaga an ɗora bidiyo mai kunna kansa da hotuna manya manya kai tsaye daga kyamara, mai ƙaramar waya da sabis mai rauni yana kallon farin allo har ya gaji ya fita, kuma an riga an biya kuɗin dannawar da ya yi. Ma'aunin Google shine babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ni kafin na miƙa aiki sai na gwada a tsohuwar wayar da na ajiye musamman don haka, mai fasasshen gilas, in ya buɗe a ita to zai buɗe a ko'ina.

Malam Bincike: Reshe ya fi sabon domen, wannan na yarda, matsalar lissafin da na faɗa ma bata tasowa in an saka lambar Analytics ɗaya a duka. Su kansu mutanen Google sun sha cewa suna iya aiki da reshe da kuma na cikin shafi irin sunankamfani.com/akwati duka. Ni dai a abinda idona ya gani na cikin shafi ya fi saurin tashi a bincike, shi yasa har yanzu shi nake zaɓa in kayan zai daɗe.

Tsohon Ɗan Talla: Kuma a tanadi masauki mai ƙarfi in ana sa ran taro. Shafin Queensland ɗin nan da na faɗa a kwanakin farko sai da ya durƙushe saboda yawan masu shiga.

Mai Horarwa: Salam. Tun ɗazu nake karantawa ban so nayi magana ba amma akwai abinda ba wanda ya taɓo kuma shi ya ƙone ni, gara na faɗa ko wani zai tsira. Ina koyar da lissafin kasuwanci ta intanet, shekarun baya na shirya wani horo na musamman na sati shida, aka buɗe masa nasa shafin da adireshi mai daɗin faɗa, kuma gaskiya ya yi aiki, rajistar da na samu ban taɓa samun irinta ba, don haka ni ba mai kushe ƙaramin shafi bane. Na buga adireshin da lambar QR a bayan littafin darasi da kuma ƙasan takardar shaidar da na ba kowane ɗalibi. Horo ya ƙare, na shiga wasu harkokin, saƙon cewa domen zai mutu yana ta zuwa wani imel da na daina buɗewa. Bayan shekara ɗaya da wani abu wata ɗalibata ta kira ni muryarta na rawa, tace Malam na kai takardata wajen neman aiki, mai ɗaukan aikin ya saka waya a lambar don ya tabbatar, sai shafin caca ya buɗe. Wasu sun saye adireshin da ya faɗi. Har yau in na tuna yadda tace min Malam kunya kamar na nutse, sai naji wani iri a ƙirjina. Na nemi su sayar min basu ko amsa ba, dole na sake buga wa duk wanda na iya samu sabuwar takarda, littattafan kuwa suna hannun mutane babu yadda zanyi.

Hajiyar Sola: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba Malam, gaskiya jikina yayi sanyi, don mu ma a jikin kwali mukayi niyyar bugawa, kuma kwali ai yana shekaru a gidan mutum.

Tsohon Ɗan Talla: Sannu Malam, kuma ba kai kaɗai ba, manya ma ya same su. A 2015 wani mutum a Jamus ya saka waya a lambar QR ta jikin kwalbar kamfanin Heinz, ta kai shi shafin batsa, saboda adireshin wata gasa ce da suka yi ta ƙare suka bar shi ya mutu wani ya saye, sai da kamfanin ya fito ya bada haƙuri. Wasu kuma ba adireshin ne ya mutu ba, fasahar ce, ƙananan shafuka masu yawa na shekarun 2000 da wata fasaha mai suna Flash aka gina su, da kamfanin Adobe mai ita ya daina kula da ita a ƙarshen 2020 suka zama kufai. Ni a wajena duk wanda zai buɗe irin wannan shafin ranar da ya rubuta ranar buɗewa ya rubuta ranar rufewa a gefenta da abinda za a yi da adireshin bayan nan.

Ɗalibi Mai Koyo: To Yallaɓai me ake yi dashi in an gama? Gogewa ake?

Ɗan Kod: A'a kar a goge. Abubuwa masu amfani na ciki, ma'aunin nan da amsoshin tambayoyi, a kwashe a mayar babban shafi, sannan a saka wa tsohon adireshin juyi na dindindin wanda ake kira 301, duk wanda ya shiga ko ya saka waya a tsohuwar lamba sai ya tsinci kansa a shafin akwatin na babban gida, kuma Google ma yana bin juyin ya mayar da mutuncin mahaɗan can, kaga damuwar Malam Bincike ta ragu. Domen ɗin kuma a ci gaba da biya ko ba a amfani dashi, ana iya biyan .com har na shekara 10 a gaba, a kunna sabuntawa da kanta, a tabbatar katin da ke jiki bai mutu ba. In ma an yi sake ya faɗi akwai kwana 30 na fansa kafin a sake shi kasuwa, amma da tara. Kuma a guji dogara da adireshin kyauta na wani kamfani a abin da za a buga a takarda, a Maris 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya ba masu Business Profile, wato yan kasuwar da suka yi rajistar kasuwancinsu a Google, masu su suka koma neman mafita. A gina a manhajojin gina shafi irin su Carrd ko Wix ko WordPress duk wanda ya yi sauƙi, amma adireshin ya zama naka.

Malam Bincike: Nan kam bamu da saɓani ko kaɗan. Na ƙara da fom, kar a tambayi mutum abu goma, suna da lambar waya sun isa, a rubuta a fili me za a yi da lambar, kar a wayi gari ana tura masa tallan abinda bai nema ba. In akwai kwastomomi a Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR tana aiki tun 25 ga Mayun 2018, ƙasashe da yawa ma yanzu suna da irin tasu, ƙanƙantar shafi bata cire shi daga doka.

Hajiyar Sola: Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ga abinda na tsayar ku gyara min in na kauce. Zamu yi ƙaramin shafin amma a reshen adireshinmu, da ma'aunin nan da ƙanwata Yar Zane ta faɗa don shi ya fi burge ni, maballi ɗaya zuwa WhatsApp na ofis. Lambar QR ta kwali reshen zata nuna tunda shi ba zai mutu ba sai in babban ya mutu. Don talla ta baki kuma zamu sayi gajeren suna guda ɗaya wanda aikinsa kawai ya juyo da mutum reshen. Bayan wata uku mu duba lissafi.

Malam Bincike: Ya yi Hajiya. Ni da nawa ne da cikin babban shafi zan saka tun farko tunda akwatin ba wata uku zaku sayar ku daina ba, amma wannan ma babu asara a ciki in an yi juyin nan akan lokaci. Abu ɗaya, kince reshen ba zai mutu ba sai babban ya mutu. Shi babban da sunan wa aka yi rajistarsa, kuma yaushe zai ƙare?

Hajiyar Sola: Wallahi ban sani ba. Bari na kira yaron.

Hajiyar Sola: Na same shi. Yace da imel ɗinsa ya buɗe tun lokacin yana makaranta, da katinsa yake biya duk shekara ni kuma in mayar masa, kuma wata biyu ya rage a sabunta. Shi da kansa yace dama yana so ya min maganar don zai tafi ƙaro karatu.

Ɗan Kod: To wannan ya riga ƙaramin shafi Hajiya. Ku buɗe akawun da imel na kamfani wanda aƙalla mutum biyu suke iya shiga, ya tura domen ɗin can, a saka lambar wayarki a matakin tsaro na biyu, shi kuma a bashi izinin shiga a matsayin mai gyara. In a kamfanin rajista ɗaya ne yawanci ranar ake gamawa, in za a canza kamfani ne yana ɗaukar kamar kwana biyar zuwa bakwai, don haka kar a bari sai satin ƙarshe.

Hajiyar Sola: Gobe da safe zai zo ofis da laftof ɗinsa in sha Allah, mu fara da wannan. Yar Zane dan Allah ki duba saƙonki na turo miki jerin kayan da akwatin yake ɗauka da ƙarfin kowanne.